Ƙudan da Na Kankare

Kullum sai wani cikinku ya leƙo shagon nan ya ce da ni, “Baba Sale, barwaz, firam ɗin hoto, ai itace huɗu ne da gilashi, mene ne abin koyo a ciki?” Tun da aka fara kawo na inji daga Madinar Masana'antu kowa ya zama gwani. To, ku ja kujera. Ni ba zan zauna ba, ban taɓa iya ba da labari a zaune ba. Wannan rashin zaman kuwa shi ya kusa raba ni da sana'ar baki ɗaya.

Gilashin farko da na yanka na tagar wani mai sayar da turare ne, kuma sai da na fasa uku kafin na huɗu ya fita. Maigidana Usta Babikir yana tsaye a kaina. Bahaushen Sudan ne kamar mahaifina, a Bur Sudan ya koyi aikin wurin wani Bagirike, sannan ya haye teku ya buɗe shago a unguwar Bagdadiyya, zamanin da ofisoshin jakadanci duk suna nan Jidda. Da na fasa na uku ya karɓi alƙalamin almas ɗin, wato abin yankan gilashi, ya ja layi sau ɗaya tak, ya ce in saurara. Almas in ya kama daidai kuka yake yi siriri, in ya yi gurnani ka ɓata. Ba a maimaita layi, ba a komawa baya. Daga nan aka shiga zarto da akwatin yanka kusurwa, da gam ɗin fata da ake dafawa a gwangwani yana wari kamar majema, da ƙananan ƙusoshin da ake riƙewa a leɓe. Shekara biyu na yi kafin kusurwata ta haɗe ba a ga haske ta tsakani ba. Usta yakan ce hannuna ya fi kaina gudu, ni kuma a raina ina cewa tsoho ne mai nawa.

Yawancin aikinmu ayoyi ne na rataya a majalisa, wato falon baƙi, da takardun shaidar makaranta, da hotunan masallatai biyu masu alfarma. Amma akwai wani aiki da ya fitar da sunan shagon. Attajiran Jidda sukan dawo daga tafiya da manyan hotunan bugawa, tafki da duwatsu da itatuwa, sai a tarar akwai agwagwa a ruwan ko barewa a gindin bishiya. Mai gida ba zai rataye mai rai a inda ake salla ba. Sai a kawo mana. Agwagwa ta koma dutse, barewa ta koma kurmi, tsuntsu ya koma gajimare. Ni na fi kowa iya wannan, har Usta ya sakar mini burushi. Dokar shagon ɗaya ce, ya kafa ta tun ranar da ya buɗe ƙofa: muna rufe mai rai, ba ma zana shi. Kuma kafin fenti ya hau kowane hoto sai an shimfiɗa warnish, ruwan nan mai sheƙi, a bar shi ya bushe. Ban san dalili ba a lokacin, na dai saba.

Aikin da zan ba ku labarinsa wani Bature ne ya kawo, mutumin Holan, wakilin jiragen ruwa masu kawo alhazan Jawa. Ya daɗe a garin har Larabci ya zauna a bakinsa. Khawaja Dogo muke ce masa, wato Bature Dogo, don sai ya sunkuya yake shiga shago. Ya zo da wani zane a kan allon katako, naɗe cikin bargo, bai fi zira'i ɗaya ba. Danshin teku ya sa fuskar zanen ta yi fari-fari, kamar madubin da aka hura wa numfashi. Ya ce na kakannin kakanninsa ne, ya kai shekara ɗari uku, kuma aikinsa a Jidda ya ƙare, nan da wata guda zai hau jirgi ya kai wa 'yarsa.

Usta ya duba ya duba, ya ce zai yi, amma sai ya dawo daga ziyarar Madina. Da zai tafi ya ce da ni, “Sale, ka cire shi daga barwaz ka jingine shi inda iska ke ratsawa. Fuskarsa kuwa kada ka taɓa. Ka ji ko?”

Na ce, “Na ji, Usta.”

Kwana biyu na ji. Ina share shago ina kallonsa, ina yanka gilashi ina waiwayarsa. Ta cikin farin nan ana hango tebur da furanni a tulu, da tuffa, da lemun tsami da aka fere rabi ɓawon ya zubo ta bakin tebur, da agogon aljihu a buɗe, da kofin gilashi a kwance, da kyandir. A rana ta uku na ce bari in gwada kusurwa ɗaya kawai. Na naɗa auduga a tsinke, na tsoma a tarbantina da ɗan sibirto, ruwan wanke tsohon warnish, yadda na ga Usta na yi, na murza wuri kamar faɗin farce. Wallahi sai ga ja ya fito, irin jan da ban taɓa gani a gwangwanin fenti ba. Daga nan shaiɗan ya karɓi hannun. Na manta da abincin rana. Kafin la'asar na wanke rabin allon, kuma tsakani da Allah wankin ya yi kyau, ko Usta bai musa wannan ba daga baya.

A kan tuffar na tarar da ƙuda. Kun san ƙudan Jidda, ba abin da ba ya faɗawa, mun sha ciro shi daga warnish ɗin da bai bushe ba. Na hura shi bai tashi ba. Na goga auduga bai fita ba. Na ce wannan ya daɗe da mutuwa a nan, ya manne. Na ɗauko reza na sa masa gefe, na kankare shi sau biyu. Sai da farin ƙasan allon ya bayyana na ga abin da ya rage: ƙafafu biyu sirara, da 'yar inuwa a gefensu. Mataccen ƙuda ba ya barin inuwarsa a baya. Zana shi aka yi. Na fita na zaga layin sau uku na dawo, ramin yana nan.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa sai na fara ba kaina fatawa: ai mai rai ne, mu da muke rufe su kullum, na ma taimaki Khawaja. Na ƙarasa wankin, na shimfiɗa sabon warnish bisa al'ada, da ya bushe na haɗa ja da rawaya na toshe ramin. To burushi in ya shiga hannuna ba ya son fita. Na ga gefen tuffar ya ruɓe, na warkar da shi. Na ga tsutsa a kan ganye, na rufe ta da wani ganyen. Furen da ya sunkuya ya zubar da ganyensa a tebur, na share zubabbun. Sannan na dubi kyandir, a mace, hayaƙi siriri na tashi daga lagwaninsa. Na ce wannan mai zanen rowa gare shi. Na kunna masa wuta, 'yar rawaya mai kyau, har da haske a kewaye. Na ja baya na duba, na ji a duk Bagdadiyya babu kamar ni.

Usta ya dawo da dabinon Madina a hannu. Bai ko ajiye ba, idonsa ya sauka a kan allon. Ya nuna kyandir ɗin da yatsa.

“Wa ya kunna wannan?”

Na fara bayani, ina yi ina haɗa ƙarya da gaskiya. Ya ɗaga hannu.

“Halas, ya isa. Gyaran gangar Auzinawa ka yi. Je ka ofishinsa ka kira shi, da ƙafarka, yanzu.”

“Usta, in muka yi shiru ƙila ba zai...”

“Yalla, tafi!”

Khawaja Dogo ya zo, ya sunkuya ya shigo, ya sa tabarau. Na ɗauka zai yi ihu, na ma fi son ya yi. Sai ya nemi akwatin ƙusa ya zauna a kai, gwiwoyinsa har kusan haɓa. Ya ce, “Ina ƙudan?”

Na ce na kankare shi, na zaci na gaske ne.

Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. Ya ce shi ma yana yaro ya sha kai masa hannu zai kore shi, mahaifinsa na buge hannun. Sannan ya shiga nuna mana da yatsa, cikin Larabcinsa mai nauyi, ba tare da ya taɓa allon ba. Ya ce a zamanin da aka yi zanen mutanen ƙasarsu sun yi arzikin da ba su taɓa yi ba, jiragensu na zuwa ko'ina suna dawowa da kaya, har tsoron kansu ya kama su. Sai suka riƙa sa a zana musu irin wannan suna ratayewa inda suke cin abinci. Kowane abu a teburin magana ne. Agogo yana cewa lokaci na tafiya ko kana kallo ko ba ka kallo. Lemun nan a waje zinariya, a ciki tsami, haka daɗin duniya yake. Kofin da ya kwanta, an sha an gama. Furen da aka yanko yau gobe ya zube, tsutsa kuma tana cin ganyen tun yana kore. Kyandir ran mutum ne, hayaƙin shi ne ɗan abin da ake tunawa da shi kafin a manta.

Usta ya ce, “Ƙudan fa, ya Khawaja?”

Ya ce ƙuda shi ne baƙon da ke riga kowa sanin abu ya fara lalacewa. Yana sauka a kan tuffar tun mai ita na ganin lafiyarta lau. Ya ce mahaifinsa ɗan kasuwa ne, duk ranar da ciniki ya yi kyau sai ya tsaya gaban allon ya nemi ƙudan da ido kafin ya zauna cin abinci.

Usta ya juyo ya dube ni, ya koma Hausa. “Ka ji? Wa'azi ne mutane suka rataye shekara ɗari uku, kai ka zo ka mayar da shi tallan kayan marmari. Duniya budurwar wawa, ga wawan ya yi mata kwalliya.”

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Ni da na taso ina jin malamai na faɗin wannan magana ɗin a kowane zaure, an ajiye mini ita a gabana da launi ban gane ta ba. Ko da yake har yau ina mamakin mutanen nan, su tara dukiya sannan su ɗebi wata su biya a gaya musu dukiya ba komai ba ce. Amma attajiranmu ma na gina masallaci, kowa da yadda yake lallashin zuciyarsa.

Khawaja ya tashi. Ya ce 'yarsa in ta buɗe wannan furanni kawai za ta gani. Ya tambayi Usta ko akwai abin yi. Usta ya ce fentin yaron nan a kan warnish yake, zai fita. Ƙudan ne ya tafi. Khawaja ya ce to a mayar masa da ƙuda, ko da ba wancan ba. Usta ya raka shi bakin ƙofa. Da ya dawo ya ce da ni, “Saura kwana goma sha shida jirginsa ya tashi. In allon nan bai koma yadda aka ba ni shi ba, ka tattara.” Ku da aka haifa da takarda ba za ku san nauyin wannan kalma ba. Iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, a ƙarƙashin kafilin shagon take, mai tsaya mana wurin hukuma. In na fita daga nan, Sudan za a mayar da ni, ƙasar da na bari ina goye.

Kwana tara na yi ina cire abin da na shafa a yini ɗaya. Auduga a tsinke, tsoma, murza sau biyu, duba audugar, jefar. In ka ga launin da ba naka ba a jikinta ka tsaya cak, ka kai ga mutumin da ya riga ka. A nan na gane amfanin warnish ɗin da ake shimfiɗawa: katanga ce tsakanin hannunka da hannun mai abu. Ni da ba na iya zaman minti goma, na zauna har ƙafata ta mutu, in na miƙe in taka Usta ya ce, “Ina zuwa?” Da hannuna na kashe wutar da na kunna, hayaƙin ya dawo. Ruɓar tuffa ta dawo, tsutsa ta fito daga ƙarƙashin ganyena tana nan da ƙoshinta. A cikin kwanakin nan direban Khawaja ya baza labari. Shekara guda cur ba Baturen da ya sake kawo mana ko madubi, su kuwa su ne masu aikin tsada. Muka koma yanka gilashin taga, muna bin gine-gine har unguwar Sa'alaba da almas a aljihu. Wannan ita ce shekarar da muke kira shekarar ƙuda, ba mu taɓa ganin irinta ba.

A rana ta goma allon ya koma yadda yake, sai farin rami kamar ƙwayar gero biyu a kan tuffa. Na ce, “Usta, saura ƙudan.”

Ya ce, “Amana ana mayar da ita yadda aka karɓa. Kuma a shagona ba a zana mai rai.”

“To yaya zan yi?”

“Da za ka ɗauki reza ka tambaye ni?”

Na fita ina huci. Na bi titi har kasuwar kifi ban san na kai ba. A can na tsaya ina kallon ƙudaje a kan teburin masu yanka, abin da na yi shekaru ina kora ban taɓa dubawa ba. Na kama biyar a kofi na rufe da gilashi. Ashe ba baƙi ba ne, akwai toka da ja da wani shuɗi-shuɗi a bayansa, fiffiken kuma ana ganin abu ta cikinsa. Na yanko gashin wutsiyar kyanwar maƙwabta na ɗaure a tsinke, don burushinmu duk sun yi kauri. A lungun bayan shago na tsuguna ina gwadawa a guntayen katako, tunda a ciki an hana. Na farko ya fito kamar kyankyaso, na goma kamar ƙwaron wake. Masu wucewa na tsayawa suna cewa, “Miskin, ɗan Usta ya taɓu.” Kwana biyu ina wannan, Usta bai leƙo ko sau ɗaya ba.

Fentin mai yana son kwana huɗu ya kama, don haka rana ta goma sha biyu ita ce ta ƙarshe. Da hantsi na ɗauko allon na wuce ta gaban Usta na fita da shi. Bai hana ni ba, bai kuma dube ni ba. Na jingine shi a kan akwati a lungu, na cike ramin, na mayar da jan tuffa, na fara jiki daga inda tsofaffin ƙafafu biyun suka tsaya. Na yi kai, na yi baya. Ina zuwa fiffike rana ta juya, inuwar gidan maƙwabta ta rufe lungun. Fiffike kuwa da ƙyar ake ganinsa ko a haske. In na matsa da allon ƙura ta hau ɗanyen fenti, in na jira gobe lokaci ya ƙure. Na tabbata tawa ta ƙare.

Sai haske ya faɗo a kan tuffar. Na ɗaga kai. Usta ne a bakin lungu, inda rana ke bugawa, ya rungumo babban madubi yana karkata shi har hasken ya tsaya daidai wurin. Fuskarsa na kallon bango, leɓensa na motsi da istigfari.

“Me kake kallo? Yi aikinka, hannuna zai gaji.”

Ya fi rabin sa'a a tsaye cikin zafin nan, gumi na ɗiga daga gemunsa. Rana na matsawa yana matsawa da ita. Na yi fiffike biyu, na yi sauran ƙafafu huɗu, na bar tsohuwar inuwar yadda take.

Ranar da Khawaja ya zo ɗauka ya sa tabarau ya sunkuya ya daɗe. Ya ce, “Ba shi ba ne.” Can ya ƙara, “Amma ƙuda ne.” Usta ya sa na rubuta da Larabci a 'yar takarda cewa ƙudan nan na hannun Sale ne, a Jidda aka yi shi bayan ya ɓata na asali, aka manna a bayan allon don kada a yaudari wani nan gaba. Ya ƙi karɓar ko kwabo. Khawaja ya naɗe kayansa a bargo, ya yi mana sallama da hannu, ya tafi.

Aka bar mu mu biyu a shagon. Allon bai koma yadda aka kawo shi ba, mai shi ya faɗa da bakinsa, kuma na karya dokar Usta a bayan bangonsa. Na ɗauko jakata na sa almas ɗina da burushin gashin kyanwa, na tsaya a gabansa.

“Usta, in tattara?”

Yana fere wata kusurwa, bai ɗago ba.

“Ka tattara ka je ina? Ni na riƙe maka madubi. Ranar ƙiyama in aka ce a hura wa ƙudan nan rai, mu biyu za a tsayar. Ba zan bari ka yi nisa in rasa wanda zan nuna ba. Ajiye jakar nan, gam ya kusa ƙonewa.”